Rumbun samfurin jini a wani asibitin Bauchi: rani huɗu tsakanin firiza, man gas da takardar amincewa

Asalin lamarin

Asibitin yana kudancin jihar Bauchi, inda za ka ji Hausa da Fulatanci da Sayanci da Jaranci a kasuwa ɗaya. Ba zan ambaci sunansa ba, ma'aikatansa ma da muƙamansu kawai zan kira su. Matsakaicin asibiti ne mai ɗakin gwajin jini da fitsari, da wani ɗaki can baya kusa da katanga inda ake killace wanda ake zargin ya kamu da zazzaɓin Lassa. Ba ya yin gwajin PCR, wato wanda ke tabbatar da cutar, da kansa. Aikinsa ya ɗebi jini, ya naɗe shi yadda ƙa'ida ta ce, ya aika ɗakin gwajin da aka amince wa, sannan kowa ya zauna jiran sakamako. Wani lokaci kwana biyu, wani lokaci har mara lafiya ya tashi ko ya cika takarda ba ta iso ba.

Jiran nan shi ya haifi duk abin da ya biyo baya. A makon farko Lassa ba ta da wata alama tata ta kanta: zazzaɓi, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro, amai. Duk nas ɗin da ta ga haka zazzaɓin cizon sauro ko taifod za ta fara kawowa a ranta, kuma sau da yawa tana da gaskiya. Zubar jinin da mutane suka san cutar da shi ba kowa ke yi ba, in ma ya zo to magana ta riga ta yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 80 cikin 100 na waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa jin jiki sosai, amma cikin waɗanda ta kwantar a asibiti kimanin 15 cikin 100 kan rasu, wasu daga waɗanda suka tashi kuma su tashi da kurumta. An fara gano ta a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Ɓera ne ke ɗauke da ita, wani mai nonuwa da yawa da ke shiga rumbu da ɗaki yana barin fitsari da kashi a kan hatsi. A rahotannin mako-mako na hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, Bauchi ba ta fita sahun gaba tare da Ondo da Edo da Taraba, musamman daga Disamba zuwa Afrilu.

Burin kowane likita a irin wannan asibiti shi ne tsinken gwaji irin na maleriya: ɗigon jini, minti 15, layi ɗaya ko biyu. An ƙera irinsa, sai dai ƙwayar Lassa dangi-dangi ce. Wadda ke Saliyo da Gini da Laberiya ita masana ke kira zuriya ta huɗu. Ta Edo da Ondo da Ebonyi ta biyu ce. Ta Filato da Bauchi ta uku. Tsinken farko da irin Saliyo aka ƙera shi, kuma ko da aka faɗaɗa shi don ya kama sauran, wani nazari da aka yi a Abakaliki aka wallafa a 2024 ya nuna ya kasa gano mafi yawan masu cutar idan aka gwada shi da jinin yatsa a bakin gado. Mai ƙera kayan gwaji, ko a Jamus yake ko a Legas, ba zai san kayansa na aiki a Toro ko Kirfi ba sai ya gwada shi da jinin mutanen Toro da Kirfi. Wannan ya sa shugaban ɗakin gwajin asibitin ya ƙudura tara samfura. Shi ya fara kiran abin rumbu, sunan ya bi shi.

Ranin 2021 zuwa 2022: firiza da littafi

Bayan annobar korona asibitin ya gaji wata firiza mai kaiwa digiri 80 ƙasa da sifili, wadda wani shiri ya kawo ya tafi ya bari. Shugaban ɗakin gwajin mutum ne mai tattali, ba ya son ganin abu a zaune. Daga Disamban 2021 ya sa a riƙa ɗibar kwalba biyu daga duk wanda aka killace, ɗaya ta tafi gwaji, ɗaya ta shiga firiza.

Kwalbar EDTA ce mai shunayyar murfi, wato mai sinadarin hana jini gudajewa, kuma jinin gaba ɗayansa ake daskarewa ba tare da an raba ruwan da ƙwayoyin ba. Ana rubuta suna da maka a kan filasta a manna. Akwai babban littafi mai bango baƙi da ake shigar da suna da rana da unguwa. Sakamakon PCR in ya dawo, ofishin jami'in sa ido kan cututtuka yake zuwa, ba ya biyowa ta littafin. Ba a tambayi kowa izini ba, domin a ganin shugaban ragowar jini ne, wanda da ma ƙonawa za a yi.

Firizar na wani ɗan ɗaki mai rufin kwano da fanka ɗaya, an jona ta da layin da ke ba duk asibitin wuta. Ƙofar ɗakin da sakata ake rufe ta.

Ƙarshen azumin 2022: firiza ta saki

Irin wannan firiza ba ta gida ba ce. Injin sanyi biyu gare ta, ɗaya na sanyaya ɗaya, kowanne da irin iskar gas ɗinsa. Zafin da take zuƙowa daga ciki cikin ɗaki take fesa shi, don haka in ɗakin ya haura digiri 30 da 'yan kai sai ta fara haki. Tsohuwar irinta kan sha yunit 15 zuwa 20 na mita a rana. Azumin 2022 a Afrilu ya faɗo, lokacin da zafin Bauchi kan doshi digiri 40. A shekarar ne kuma kuɗin man gas ya ninka fiye da sau biyu. Hukumar asibiti ta yanke cewa in an ɗauke wuta, janareta zai yi aiki zuwa tsakar dare ne kawai, sai fa in akwai tiyata.

Firizar tana da ƙararrawa, kuma ta yi ta kuka. Mai gadi ya kai ƙara cewa tana hana marasa lafiya barci, wani ya zare mata batir. Ranar da aka dawo hutun ƙaramar sallah a farkon Mayu, allon firizar na nuna sanyin da bai fi na firizar mai sayar da ƙanƙara ba, kwalaben shiryayyen sama kuma sun yi ruwa. Babu na'urar da ke rubuta yanayin sanyi, saboda haka ba wanda zai iya rantsewa sau nawa jinin ya narke ya sake daskarewa tun daga Maris.

Aka kira mai gyaran firij na cikin gari. Ya yi iyakar saninsa, ya ɗura mata gas irin wanda ya saba, injin na biyu ya ƙone. Sai da aka jira makonni kafin a samo mai gyaran irinta daga Kano. Kafin nan an kwashe kwalaben an cusa su a firizar magungunan gwaji mai digiri 20 ƙasa da sifili, wadda kowa ke buɗewa sau goma a yini.

Daminar 2022: tambayoyin da littafi ya kasa amsawa

A daminar wasu masu bincike daga wata jami'a, da ke aiki da masu ƙera sabon tsinken gwaji, suka ji labarin rumbun suka aiko da takarda. Ba su tambayi yawan kwalabe ba sai a layin ƙarshe. Abin da suka fara nema: ranar da mara lafiya ya fara zazzaɓi, da ranar da aka ɗebi jinin. Awa nawa tsakanin ɗiba da daskarewa. Sakamakon PCR tare da lambar da ke nuna yawan ƙwayar a jini. Ko an fara ba shi ribavirin, maganin da ake ba masu Lassa, kafin ɗiba. Sau nawa kwalbar ta narke. Sai takardar amincewar mai jinin, da lambar izinin kwamitin ɗa'ar bincike.

Kowace tambaya da dalilinta. A kwanakin farko ƙwayar kanta ce ke yawo a jini, sai daga baya jiki ke fitar da garkuwar da ke yaƙarta. Tsinken da ke neman ƙwaya da wanda ke neman garkuwa ba rana ɗaya suke kama mutum ba, don haka jinin da ba a san kwana nawa mai shi ya yi yana zazzaɓi ba, ba zai nuna ko tsinke ne ya gaza ko lokaci ne bai yi ba. Lambar yawan ƙwaya kuwa ita ke bambanta tsinken kirki da na jeka-na-yi-ka: kowane tsinke zai kama wanda ƙwaya ta cika masa jini, gwanin shi ne mai kama wanda take kaɗan. Narkewa da sake daskarewa na farfasa sinadarin gadon ƙwayar, wanda shi PCR ke karantawa. Daskare jini gaba ɗaya kuma na fasa jajayen ƙwayoyinsa, ruwan ya rine ja, ba a sake iya tace shi.

Shugaban ya zauna da littafinsa kwana uku. Ranar fara zazzaɓi tana cikin katin asibiti, in an samu katin. Sakamakon PCR na ofishin sa ido, amma da lambar wancan ofishin, kuma suna irin Musa Adamu ko Maryam Yakubu kan fito sau uku a wata ɗaya. Da aka fito da kwalaben sai aka tarar da wata sabuwar: ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 da ake goge bayan kwalba da shi ya cinye tawadar maka, filastar wasu ta ɓanɓare a sanyi ta taru a gindin akwati.

Wata ma'aikaciya mai kula da kariya daga yaɗuwar cuta da ta zo tare da masu binciken, ita ba kwalaben ta tsaya kallo ba, sakatar ƙofa ta kalla. Ƙwayar Lassa na rukuni mafi haɗari a tsarin ɗakunan gwaji na duniya, kuma sanyi ba ya kashe ta, adana ta yake yi. Watanni kenan ƙwaya mai rai na zaune kusa da maganin gwajin sukari, a ɗakin da ɗalibai masu koyon aiki ke shiga. Allah ya kiyaye ba wanda ya kamu.

Kafin damina ta ɗauke aka dafa duk kwalaben a tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi, aka ƙona su, mutum biyu suka sa hannu a matsayin shaida. Aikin rani guda ya tafi.

Ƙarshen 2022 zuwa ranin 2023: takardar amincewa da jita-jita

Wannan karon daga takarda aka fara. Kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa na 2007 ya wajabta izinin kwamiti kafin a yi bincike da jikin mutum, ya kuma wajabta rubutacciyar yarjejeniya kafin samfur ya bar ƙasa. Aka rubuta tsari, aka kai kwamiti, aka dawo da shi gyara sau biyu, aka samu izini daf da shigowar sanyi.

Takardar amincewa ta farko shafi huɗu ce, an juyo ta daga Turanci kalma bayan kalma. Likitan da ke duba mara lafiya shi ke karanta ta, sanye da rigar kariya da takunkumi, ga ɗan'uwan mara lafiya a tsaye bayan igiya hankalinsa a tashe. Wasu suka sa hannu don tsoron kada a ƙi duba nasu, wasu suka ƙi. Cikin makonni magana ta zaga ƙauyuka cewa asibiti na tara jini yana sayar wa Turawa, a wani ƙaulin ma na tsafi ne. Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne 'yan kuɗin da aka riƙa miƙa wa wanda ya yarda, da sunan ihsani. A idon mai kallo ciniki ne. Masu zazzaɓi suka fara tsayawa a kyamis.

Wanda zai ce jahilci ne ya manta tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, shari'ar da ta biyo baya ta kai 2009 kafin a sasanta da gwamnatin jihar. A 2003 zargi ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi. Mutanen karkara ba su riƙe shekarun ba, amma sun riƙe labarin.

Wani dattijo da ɗansa ke kwance shi ya sa aka sake lale. Ya saurari takardar har ƙarshe, sannan ya ce wa shugaban ɗakin gwajin, “Malam, duk na ji. Amma jinin yaron nan, in kun gama, ina zai kwana? Wa ke riƙe da makulli?” Shugaban ya ce, “Baba, zo ka gani.” Ya kai shi bakin tagar ɗakin ya nuna masa firizar da kwaɗon ƙofa. Dattijon ya dangwala yatsa washegari.

Daga nan aka dakatar da ɗiba na ɗan lokaci. Aka je wajen hakimi, shi ya tara dagatai da limamai da fastoci da ungozomai. Aka zo da su rukuni-rukuni suka leƙa ɗakin. Aka yar da takarda mai shafi huɗu, aka rubuta sabuwa da Hausa tun daga tushe, shafi ɗaya, da boko da ajami, aka kuma naɗi muryarta da Fulatanci da Sayanci a waya. Yawan jinin da cokalin shayi aka faɗe shi: mililita 10, cokali biyu. Tambayar aka raba uku, kowace da nata gurbin: ka yarda a ajiye, ka yarda a kai wani ɗakin gwaji a Najeriya, ka yarda a fitar ƙasar waje. Mutum na iya yarda da ta farko ya ƙi ta uku, kuma da yawa haka suka yi.

Aka cire likita daga neman izini. Wata nas da ba ta cikin masu ba da magani ta karɓi aikin, tare da wata mata da ta taɓa kwanciya a ɗakin ta tashi, wadda kunnenta ɗaya bai dawo ba. Jimlar farko da suke faɗa ita ce ko ka ƙi, maganinka ɗaya da na wanda ya yarda. In ciwo ya yi tsanani ɗan'uwa ke amsawa, amma in mara lafiya ya farfaɗo sai a sake tambayarsa, in ya ce a'a a ƙona kwalabensa. Matar aure ana yi wa maigida bayani, yatsan da za a dangwala dai nata ne. Kuɗi aka daina bayarwa a ɗakin jinya, sai kuɗin mota ga wanda ya dawo bayan sallama, kuma da sunan kuɗin mota. Kowa na tafiya da ɗan kati mai lamba, ranar da ya canza ra'ayi ya kawo katin.

2023: wuta, kwalabe da lambobi

Firizar ta koma ɗaki mai silin da na'urar sanyaya ɗaki. Aka raba ta da layin asibiti, aka yi mata sola da batura da inbata nata na kanta, janareta ya koma na ko-ta-kwana. Aka ɗaga ta daga digiri 80 zuwa 70 ƙasa da sifili, abin da ɗakunan gwaji da yawa ke yi don rage shan wuta da hutar da inji. Shiryayyun da ba kowa aka cika su da fakitin ƙanƙara, domin cikakkiyar firiza ta fi riƙe sanyi in wuta ta yanke. Aka saka ƙaramar na'ura mai rubuta sanyi kowane 'yan mintoci, mai aika saƙo wayar mutum uku in ya sauka. Mai gadin nan aka zaunar da shi aka yi masa bayani, lambarsa ce ta uku.

Aikin jini ya koma cikin rufaffen akwati mai safar hannu a jikinsa. Ana juya jinin a injin da kofunansa ke da murfi, a ranar da aka ɗebe shi, a raba ruwan rabin mililita rabin mililita cikin ƙananan kwalabe masu jure sanyi, a jera a akwati mai gurbi 81. Amfanin rabawar shi ne mai neman samfur ya ɗauki kwalba ɗaya, sauran ba su narke ba. Kwalba ɗaya daga kowane mutum ana zuba mata sinadarin da ke kashe ƙwaya ya bar sinadarin gadonta, wadda ta isa ga PCR. Sauran ɗanye ake barinsu, saboda wannan sinadari na lalata furotin ɗin da tsinken gwaji ke nema. Suna ya bar jikin kwalba, sai tambarin zane da na'ura ke karantawa. Littafin da ke haɗa lamba da suna na cikin kabad mai makulli, daidai da abin da dokar kare bayanan sirri ta Yunin 2023 ta zo ta ƙarfafa.

Shawara mafi nauyi ita ce ta abin da ba za a ajiye ba. Duk sabon samfur na zama a shiryayye na killacewa har sakamako ya dawo. In ya nuna Lassa, ɗanyun kwalaben ba sa kwana da yawa a asibitin: ana naɗe su hawa uku kamar yadda ƙa'idar safarar abu mai haɗari ta tanada, a tura ma'ajiyar da ke da izinin riƙe ƙwaya mai rai, lambarsu da bayanansu su zauna a rajistar rumbun. Shugaban bai so haka ba, a ganinsa an kwashe masa hatsi an bar masa ƙaiƙayi.

Ƙaiƙayin shi ne jinin waɗanda gwaji ya wanke. Masu binciken suka ce a riƙe shi da kyau, a kuma duba kowanne a madubin ƙara girma a rubuta in akwai maleriya da yawanta. Tsinke na da aiki biyu: ya kama mai cuta, ya kuma saki marar ita. Ba a gwada na biyun da jinin lafiyayye, sai da jinin mai zazzaɓi irin na Lassa wanda ba Lassa ba, daga yankin da za a yi amfani da tsinken. A jihar da cutar shawara ta ɓarke a 2019 ta wajen Alkaleri da Yankari, inda maleriya ke jinin yara da yawa, irin wannan samfur ba a samunsa a Turai ko da kuɗi. Tsinken da zai ce Lassa ga mai maleriya zai kai shi kwana kusa da mai Lassa na gaske. Aka ƙara da jinin waɗanda suka warke, da suke dawowa bayan makonni da watanni, don masu ƙera gwajin garkuwa.

Oktoban 2024: kwanakin duhu

A ƙarshen Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo wuta arewa suka samu matsala, yawancin jihohin arewa har da Bauchi suka kwashe fiye da mako cikin duhu. Da rana sola ta riƙe firiza da na'urar sanyaya ɗaki. Da dare batura ba su iya ɗaukar duka biyun zuwa asuba ba, sai aka riƙa kashe na'urar sanyaya ɗaki bayan isha'i a buɗe tagar raga. An hana buɗe firizar sam. Dare ɗaya saƙo ya shiga wayoyin uku, mai gadi ne ya fara gani, ya tayar da janareta da jarkar gas da aka ɓoye don wannan rana. Da aka zazzage bayanan na'urar bayan wuta ta dawo, layin ya ɗan yi tudu a wannan dare ya koma, bai kai inda tsarin ya ce a ware samfur ba.

Ranin 2025: kaya sun fita

A ranin 2025 buƙata ta farko ta bi duk matakan: masu nema suka rubuto, kwamiti ya duba, aka sa hannu a yarjejeniyar da ta faɗi abin da za a yi da kwalaben, ta hana miƙa su ga wani, ta wajabta dawo da sakamako. Aka tsame duk wanda bai yarda jininsa ya bar asibiti ba. Aka haɗa jeri daga rumbun da kuma ma'ajiyar da ke riƙe da masu ƙwaya, aka ɓoye wa masu gwajin wanne ne wanne. A cikin Najeriya aka yi gwajin, tsinken ne ya zo inda jinin yake.

Sakamakon bai yi wa masu tsinken daɗi ba. Ya kama waɗanda ƙwayar ta yi wa yawa, waɗanda take kaɗan a jininsu kuwa suka kuɓuce masa. Aka mayar da shi gyara. Nas ɗin da matar nan suka koma fadar hakimi suka faɗi haka ba tare da kwaskwarima ba.

Hukunci

Asarar 2022 an fi ɗora ta a kan wuta, amma ko da firizar ba ta taɓa saki ba kwalaben nan ƙonawa za a yi. Ba ranar fara ciwo, ba sakamakon da ya dace da lamba, ba yardar mai jini. Zafi da man gas sun gaggauta abin da takardar masu binciken za ta yanke ko ta yaya. Shugaban ɗakin gwajin ya fara ne da abin da yake hannunsa, wato firiza, alhali tambayar farko ita ce wa zai nemi samfurin kuma me zai tambaya. Da ya rubuta wa masu ƙera gwaji wasiƙa ɗaya a Nuwamban 2021, da littafinsa ya samu gurabe bakwai maimakon uku.

Neman izini ya gyaru ne lokacin da aka raba shi da magani. Muddin mai riƙe da allura shi ke riƙe da takarda, amsar “na yarda” ba ta da nauyi, kuma mutane sun gane haka tun kafin kwamiti ya gane. Raba tambayar uku ya rage yawan kwalaben da za su iya fita, ya kuma kashe jita-jitar, domin wanda aka ba damar cewa a'a ga ƙasar waje ya ga ba a ɓoye masa cewa akwai ƙasar waje a maganar ba. Ni a ganina wannan ciniki ya yi riba.

Ta fuskar wuta, sola ta yi nata, amma abin da ya ba samfuran daraja shi ne 'yar na'urar rubuta sanyi, wadda kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. Da ita ake nuna wa baƙo hujja maimakon rantsuwa. Miƙa masu ƙwaya mai rai ga inda ya fi ƙarfi ma daidai ne, duk da ɗacin da shugaban ya ji. Asibiti irin wannan ba shi da ginin da zai riƙe su, kuma abin da ya rage masa ya zama shi ne wanda ba kowa ke da shi ba.

Akwai abin da bai warware ba. Kuɗin shirin da ya sayi batura na da ranar ƙarewa, batura ma haka, kuma kasafin asibiti ba shi da layin da ake kira rumbu. Yarjejeniyar ta ce a dawo da sakamako, ba ta ce in tsinke ya yi nasara za a sayar wa Bauchi da rahusa ba, kuma hakimin ya yi wannan tambaya a zaman ƙarshe. Mara lafiyan da za a killace a Janairu mai zuwa, jininsa a akwatin ƙanƙara zai hau mota, shi kuma ya kwanta jiran takarda kamar na 2021.